Allunan Tatra da sa'a suke magana

Larabcin da na koya a Islamiyya ne ya samar mini aiki a garin Zakopane na ƙasar Poland. Ina karatun harkar yawon buɗe ido a Krakow, Zakopane kuma yana kudu da mu, wajen kilomita 100, a gindin tsaunukan Tatra da suka raba Poland da Slovakiya. 'Yan shekarun nan Larabawan yankin Gulf na kwarara can don gudun zafin ƙasashensu, har za ka ga an rubuta "halal" a ƙofar gidajen abinci na titin Krupówki. Wata dattijuwa mai ƙaramin masauki tana neman wanda zai riƙa jin maganarsu, sai ta ɗauke ni. Na fara a watan Yuli, da aka koma makaranta na ci gaba da zuwa ƙarshen mako.

Ban yi wata guda ba na haddace wuraren kamar karatun allo. Rysy, kololuwar da ta fi kowace tsawo a Poland, mita 2,499. Kololuwar Kasprowy Wierch, inda motar igiya ke kai mutane tun 1936. Tudun Gubałówka mai ɗan jirgin ƙasansa na hawan tudu na 1938. Gidajen katako irin zanen Stanisław Witkiewicz. Sai uwa uba Morskie Oko, tafkin da kowane baƙo ke zuwa da hotonsa a waya yana nuna mini da yatsa. Amsata ɗaya ce kullum: mota za ta sauke ku a Palenica Białczańska, daga nan kilomita tara ne, kuma titin kwalta ne. Duk tsawon Yuli da Agusta wannan amsa ba ta taɓa jawo matsala ba, domin rana kan wuce ƙarfe bakwai na yamma kafin ta faɗi, a farkon Yuli ma har kusan tara.

Ranar wata Asabar a farkon Nuwamba, wani magidanci ya zo teburina bayan azahar da matarsa da 'ya'yansa uku da mahaifiyarsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, za mu iya zuwa tafkin nan yau?" Na ce masa tabbas, na maimaita masa kilomita tara ɗin. Ban tuna cewa an mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kamar yadda ake yi a ƙasar duk shekara, ba, yanzu kuma ƙarfe huɗu da 'yan mintoci duhu ke fara sauka. Ban kuma dubi takalman da ke ƙafar tsohuwar ba.

Sai bayan isha'i suka dawo. Sun isa bakin tafkin magariba ta riga ta rufa, ba su ga komai ba sai baƙin ruwa, suka juyo a ƙafa da fitilar waya, kwaltar ta fara santsi saboda sanyi. Na ga ƙaramar 'yar tana barci a kafaɗar ubanta, safarta jiƙe, tsohuwar kuma ta zauna a kan matakala tana murza gwiwa, ba ta ce uffan ba. Mutumin bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari da sassafe uwar ɗakina ta sa ni a motarta ta kai ni Kuźnice, inda hanyoyin hawa da yawa ke farawa, ta tsayar da ni gaban allon hanya. Ta ce, "Ɗana, karanta mini." Na karanta. Ta ce, "Ka ga kilomita a wurin?" Babu. Sa'o'i da mintoci ne a jikin kowane allo, an lissafa su da tafiyar mai lafiya wanda bai tsaya hutawa ba. Hanyar Morskie Oko sama da sa'a biyu ce a hawa kaɗai. Ta nuna mini launukan da ake shafawa a jikin itatuwa da duwatsu, ja da shuɗi da kore da rawaya da baƙi, ta ce kada in kuskura in gaya wa baƙo cewa kore sauƙi ne baƙi wahala. Wannan ƙa'idar masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ce. A hanyar masu ƙafa launi alama ce kawai ta bambanta wata hanya da wata. Wata huɗu ina aiki a gindin tsauni ban san wannan ba, kuma babu malamin da ya faɗa mana a aji.

Daga inda muke tsaye ta ɗaga hannu wajen Giewont, dutsen da mutanen garin ke cewa ya yi kama da jarumi kwance yana barci. A kansa akwai gicciyen ƙarfe mai tsawon mita 15 da aka kafa a 1901, kuma gab da kololuwar sarƙoƙin ƙarfe ake kamawa a hau. Ranar 22 ga Agusta 2019 hadari ya taso da tsakar rana, aradu ta faɗa wurin mutane na cunkushe, mutum huɗu suka rasu, biyu daga cikinsu yara, fiye da 100 suka jikkata. Ta ce da safen ranar gari garau yake. Shi ya sa 'yan ƙasa ke sammako su sauko kafin la'asar a watannin zafi, shi ya sa kuma take manna lambar TOPR, ƙungiyar masu ceto da aka kafa tun 1909, a bayan kowane makullin ɗaki. A da ina ganin lambar nan, 985, ban taɓa nuna wa kowa ita ba.

Tun daga lokacin na daina fara magana da wuri. Nakan fara da mutanen: su nawa ne, akwai tsoho ko mai goyo, wane takalmi suka zo da shi, ƙarfe nawa za su iya fita. Mai tsohuwa ina tura shi Gubałówka, 'yan mintoci a jirgi ya ga jerin tsaunukan duka a gabansa. Mai son ya taka ƙanƙara ya sayi tikitin Kasprowy tun da wuri, tare da sanin cewa idan iskar halny ta taso, wadda ke gangarowa da ɗumi da ƙarfi har ta karya itatuwa, za a tsayar da motar. Wanda ya nace sai Morskie Oko, ya fita bayan asuba. Ko keken doki ya hau, ba ya kaiwa bakin ruwa, akwai sauran tafiya a ƙafa. Wasu sukan ɓata rai idan na ce kada su je yau. Ina ganin ɓacin ran nan ya fi dacewa da aikina fiye da murmushin da na samu daga magidancin can lokacin da na ce masa tabbas.

Wurin da na fi son tura mutane ba ya cikin hotunan da suke nuna mini. Bukkar makiyaya ce ta katako, bacówka, inda ake ƙyafe cukun nan oscypek da hayaƙi. Shugaban makiyayan, baca, kan hau da tumaki a bazara ya sauko da su a kaka, abin da ya tuna mini da Fulaninmu da tafiyar mashekari. Cukun gaske galibinsa madarar tumaki ne, kuma a watannin kiwo kaɗai ake yin sa, don haka mai kama da shi da ake jerawa a Krupówki cikin hunturu sau da yawa na madarar shanu ne. Wannan ma nakan faɗa wa baƙi kafin su fito da kuɗinsu.

Iyalin nan sun ƙara kwana biyu. Na je ɗakinsu na ba tsohuwar haƙuri, ta ce, "Ba komai ɗana, Allah ya kiyaye gaba." Ranar Litinin da hantsi suka hau Gubałówka. Kafin su fita na rubuta wa ɗanta lokacin faɗuwar rana da lambar masu ceto a bayan katin masaukin, ya ninke ya sa a aljihun rigarsa.