Fara shan maganin ciwon suga: abin da na koya a watannin farko a Katsina

Da awon jinin safe aka tabbatar mini da ciwon suga nau'i na biyu, wato awon da ake yi bayan mutum ya kwana aƙalla awa takwas bai ci komai ba. Ma'aunin da likitoci ke bi a fili yake: idan awon safe ya kai 7.0 ko ya wuce, ko awon da aka yi a kowane lokaci ya kai 11.1 ga kuma alamomi, ko awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya kai kashi 6.5, to ciwon ne. Yawanci sai an maimaita kafin a yanke hukunci. Alamomin ba baƙi ba ne, ƙishirwa, tashi fitsari sau da yawa cikin dare, rama, kasala, gani dishi-dishi, ƙurjin da ya ƙi warkewa. Matsalarmu a nan ita ce kowacce cikinsu muna da abin da muke jingina ta da shi. Ƙishirwa a ce zafin bazara ne, kasala a ce shawara ce ko maleriya.

Tun a takardar awo ake fara ruɗewa. Ma'auni biyu ne ke yawo a gari, mmol/L da mg/dL. Wani ɗakin awo zai rubuta maka 8.5, na'urar maƙwabcinka ta nuna 153, alhali abu ɗaya ne, domin na farkon ake ninkawa da 18 a samu na biyun. Ni da mmol/L nake lissafi, kuma duk lambobin da ke nan da shi ne. Ka duba kusurwar fuskar na'urarka ka san wanne take bayarwa kafin ka tayar da hankalin gida.

Metformin aka fara ba ni, kamar yadda ake fara ba mafi yawan masu nau'i na biyu. A wannan nau'in jiki yana yin insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi sassan jiki, sai dai ba ya amsa masa yadda ya kamata, hanta kuma tana ta zuba suga cikin jini ko ba a ci abinci ba. Aikin metformin shi ne rage abin da hanta ke zubawa da taimaka wa jiki ya amsa wa insulin ɗinsa. Ana farawa da ƙwaya ɗaya ta 500mg da abincin dare, bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara ta safe, a riƙa hawa a hankali gwargwadon awo, yawanci ba a wuce 2000mg a rana. Kafin a fara, ka tabbatar an auna ƙodarka, saboda ta can maganin ke fita, kuma wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ba a ba shi.

A makonnin farko ne mutane da yawa ke ajiye maganin, kuma abin yana damuna, domin wahalar mai wucewa ce. Ciki yana murɗawa, ana zawo, zuciya tana tashi, baki yana ɗanɗanon ƙarfe. Duk na ji su. Abin da ya rage mini su shi ne haɗiye ƙwayar a tsakiyar cin abinci, bayan loma uku ko huɗu, ba kafin abinci ba kuma ba da ruwan shayi kawai ba. Ga mafi yawan mutane cikin yakan lafa cikin makonni kaɗan. Idan ya ƙi, akwai metformin mai narkewa a hankali, wanda ake rubuta SR ko XR a jikin kwalinsa. Shi ba a tauna shi, ba a daka shi. Likita za ka koma ka nema, kada ka bari kawai ka yi shiru. Idan ka manta da ƙwaya har lokacin ta gaba ya zo, ka sha ta lokacin kaɗai, kar ka haɗa biyu.

Akwai lokacin da ake dakatar da shi na ɗan lokaci: idan amai da gudawa suka kama mutum har ruwan jikinsa ya ragu, ko za a yi masa hoton da ake zuba ruwan allura a jijiya. A garin da ake fama da amai da gudawa duk damina, wannan ka'idar ya kamata kowa a gida ya san ta. Wanda ya shekara da shekaru yana shan sa kuma a riƙa duba masa bitamin B12, domin yana iya raguwa ya kawo jin kamar kiyashi na tafiya ko dindiris a ƙafa.

Metformin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga ƙasa da kima. Amma idan aka haɗa maka da glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko glimepiride ko gliclazide, to lissafi ya canja. Waɗannan suna matsa wa jiki ya fitar da insulin ko ka ci ko ba ka ci ba. Ka sha da safe ka tafi kasuwa ko gona ba ka karya ba, wajen hantsi sai rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, wani ma ya fara magana ba kan gado. Ƙasa da 3.9 suga ya faɗi. Maganinsa nan take giram 15 na suga: cokalin shayi huɗu a rabin kofin ruwa, ko rabin kwalbar lemo, ko dabino uku. A jira minti 15 a sake awo, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Ku koya wa matan gida da yaran shago wannan, don a lokacin mai ciwon ba ya iya bayani.

Na'urar awo ita ce ta fi koya mini komai. Kafin ka saya, ka tambayi mai kemis ko sitirip ɗinta, wato ɗan tsinken da ake ɗiga jini a kai, yana samuwa kullum a Katsina da nawa yake, saboda kuɗin a sitirip yake, ba a na'ura ba. Ka wanke hannu da sabulu ka busar kafin ka huda; yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai ba ka lambar da za ta hana ka barci. A gefen yatsa ake hudawa, ya fi rashin zafi, kuma a riƙa canja yatsa. Robar sitirip a rufe ta da zarar an ɗauki ɗaya, kada a bar ta cikin mota ko but ɗin mashin, domin zafin watan Afrilu yana lalata shi, yawancinsu an rubuta kada su wuce digiri 30. Abin da ake nema ga mafi yawan manya shi ne 4.4 zuwa 7.2 da safe, da ƙasa da 10 awa biyu bayan fara cin abinci. Ina rubuta kowane awo a ɗan littafi tare da abin da na ci, shi nake kai wa likita.

Jin jiki ba awo ba ne. Na sha ganin 11 a ranar da nake jin garau. Wannan ne ya sa nake jin tsoron masu cewa sun warke sun bar magani: alamomi suna gushewa tun suga bai sauko inda ake so ba, ɓarnar ido da ƙoda da jijiya kuwa ba ta yin zafi sai ta yi nisa.

Kan abinci na fi jin maganganu, kowa da fatawarsa. An ce in bar komai sai acca, an ce alkama, an ce zuma ba ta da laifi tunda ba suga ba ce. Sai na riƙa awo kafin ci da awa biyu bayansa. Tuwon alkama malmala biyu ya hau da ni kamar yadda na masara ke yi. Acca ma hatsi ce, in ka cika kwano za ta nuna a na'ura. Zuma tana ɗaga suga, haka lemon malt da mutane ke kai wa marar lafiya dubiya. Abin da ya yi aiki shi ne yawa da abin haɗi: malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe mai yawa, nama ko kifi ko ƙwai, sannan kwaɗon zogale ko rama ko salak ya ci rabin faranti. Wake da ɗanwake sun fi farar shinkafa da waina sauƙi a wurina. Fura kuwa, wadda Bakatsine ba ya rabuwa da ita cikin daɗin rai, ban bar ta ba. Curi ɗaya da na dama da suga ya kai ni sama da 13; rabin curi da nono mai yawa, babu suga, ya tsaya ƙasa da 10. Koko da kunu masu ruwa suna saurin hawa, sai an haɗa da ƙosai ko gyaɗa an kuma rage kofin. Lemon kwalba na bar shi sai don ranar da suga ya faɗi, kwalba ɗaya ta 35cl takan ɗauki cokali takwas zuwa tara. Kuma na roƙi uwargida a riƙa zuba mini nawa daban, domin a tire ɗaya da jama'a ba mai sanin yawan abin da ya ci.

Tafiya da ƙafa minti 30, kwana biyar a mako, ita ake so, kuma ko ta minti goma bayan abincin dare tana nunawa a awo. Bayan Asuba ko bayan Isha'i ya fi dacewa da yanayinmu.

Abu biyu na kasuwa a kiyaye. Na farko masu magani da lasifika da ke cewa suna kawar da ciwon gaba ɗaya. Ba ka san abin da ke cikin jarkar ba, ƙoda kuwa ita ke biyan bashin. Duk abin da kake sha na gargajiya ka gaya wa likita. Na biyu haɗin ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi ko na ƙiba da ake ƙullawa a leda. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, kuma suna harba suga sama sosai. Maganinka ka saya a inda ka amince, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

A watannin farko ka nemi a duba bayan idonka, a auna fitsari don ƙoda, a auna hawan jini da kitsen jini. A Katsina ana iya farawa daga Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibiti. Gani yakan ɗan rikice lokacin da suga ke saukowa, don haka kar ka yi gaggawar yanka tabarau sai ya daidaita. HbA1c duk wata uku ake yi har a kai ƙasa da kashi 7, amma mai sikila ko ƙarancin jini ya faɗa, saboda awon yana iya ba da lambar da ba daidai ba a gare su. Ƙafa kuma kullum da dare a duba ta, har tafin da tsakanin yatsu. Bayan alwala a goge tsakanin yatsun su bushe. Da hunturu a shafa mai a dunduniya kafin faso ya buɗe, kada a kankare kaushi da reza, kada a miƙa wa mai yankan farce na titi ƙafa, kada a taka dandaryar harabar masallaci da Azahar ba takalmi ko safa. Wanda jijiyarsa ta fara mutuwa yana iya ƙonewa bai ji ba.

Azumi ana shirya masa tun Rajab ko farkon Sha'aban, a zauna da likita. Mai shan metformin sau biyu yakan mayar da su buɗa-baki da sahur; mai sha sau uku yakan sha biyu a buɗa-baki, ɗaya a sahur. Masu Daonil da danginsa sau da yawa sai an rage na sahur ko an canja maganin. Ana jinkirta sahur, ana buɗe baki da dabino ɗaya ko biyu da ruwa, ba jug ɗin zoɓo mai suga ba. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi, saboda haka a auna da Azahar da kuma bayan La'asar. Idan ya sauka ƙasa da 3.9, ko ya haura 16.7, ko jiri da ruɗewa suka zo, a karya azumin nan take ko da saura minti ashirin a kira Magariba, a rama daga baya.