Kuɗin haya a leda

Yau da la'asar yaron da ke haya a ɗakin zaurenmu a Tudun Wada, Kaduna, ya kawo wa Baba kuɗin haya ƙulle a leda, duk 'yan ɗari bibbiyu. Shekararsa 17, daga Birnin Gwari ya zo karatu, da yamma yana taya wani tela aiki a Kasuwar Barci. Baba ya ƙirga, ya mayar masa da rabi. "Ɗana, je ka sayi katifa, na ga a tabarma kake kwana." Yaron ya durƙusa, bakinsa na rawa, godiyar ma ta ƙi fita.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Bashin karatu na NELFUND, asusun Gwamnatin Tarayya mai ba ɗalibai rance, na ɗaliban manyan makarantu ne, shi kuwa sakandare yake. Ina ta tunanin yara irinsa da ke kwana a shaguna a garin nan, babu mai tambayar ko sun ci abinci.