Na jira sababbin kafasita su saba da wuta, ga abin da kunnena da mita suka ce

A wajen masu jita akwai maganar da aka daɗe ana yi: idan ka sa wa amfilifaya mai bawul (kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti) sababbin kafasita (ƙananan na'urorin da ke riƙe cajin wuta), kada ka yanke mata hukunci nan take, sai ta sha wuta na sa'o'i 50 zuwa 100 kafin murya ta buɗe. Wai da farko sautin yana da kaushi, daga baya ya yi laushi. Da lokacin sauya na amfilifayata ya zo, sai na ce bari in gwada, in daina dogaro da ji-ta-ji-ta.

Matsalar farko ita ce hannu. Babu mai kaɗa jita iri ɗaya sau biyu, ko da waƙa ɗaya ce. Don haka na naɗi kiɗan kai tsaye daga jita zuwa kwamfuta, shi nake mayarwa cikin amfilifayar a kowane gwaji. Na cire lasifika daga lissafi, na haɗa akwatin lodi a madadinta, wato na'urar da ke karɓar ƙarfin amfilifaya ba tare da fitar da ƙara ba. Na manna tef a kan maɓallan ƙara da na bes (kaurin sauti) don kada su motsa, ina duba ƙarfin wutar soket da mita, kuma ina barin bawul su yi zafi sosai kafin in fara naɗa. Wannan duba wutar ba wasa ba ne: idan wutar bango ta hau ko ta sauka da 'yan volt, wutar da ke kan bawul ma ta canza, inda sautin ke fara tsagewa ma ya gusa.

Na naɗa ranar da na gama aikin dalma, na ci gaba da kaɗawa na tsawon makonni, na sake naɗa. Ni kaina a lokacin na ji kamar ta ƙara daɗi. Amma da na ɗora naɗin biyu a kan juna, na juya ɗaya don su soke juna, abin da ya rage bai wuce irin bambancin da nake samu tsakanin naɗi biyu na yini ɗaya ba. Wani abokina ya yi ta kunna min su a hargitse ba tare da na san wanne ne wanne ba, na yi ta canke kawai.

Sai dai kafasita ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne maganar take da ƙanshin gaskiya. Manyan nan masu tace wuta, na ilektiroletik, irin masu mikrofarad (ma'aunin cajin da kafasita ke iya riƙewa) 22 ko 47 da ke ɗaukar volt 450 zuwa 500, suna da wani siririn shafi na oksayid a jikin alminiyon da ke cikinsu. Idan sun daɗe a ajiye shafin yana raunana, wuta ta riƙa yoyo. Da an ba su wuta sai ya sake ginuwa. Na ga wannan da idona: yoyon ya yi ta sauka a mita cikin mintuna, sannan ya tsaya. Shi ya sa masu gyara ke ɗaga wa tsohuwar amfilifaya wuta a hankali. Gyaran lafiyar kafasita ne wannan, kuma ba ya buƙatar wata guda.

Ƙananan da sauti ke ratsawa ta cikinsu, na foliyesta ko folifirofilin, ba su da wannan shafin. Na auna su kafin da bayan, lambar ba ta motsa ba. Abin da ke canza murya da gaske shi ne girman kafasitar, wato yawan mikrofarad ɗinta. Tsofaffin amfilifayar kamfanin Fender da yawa suna da kafasita mai mikrofarad 25 a katod (ɗaya daga ƙafafun bawul) na bawul ɗin farko, kamfanin Marshall kuwa ya sa 0.68 a tashar amfilifayarsa mai kaifin sauti, wanda ke rage bes tun daga ƙofa. Wannan kam ko kurma ya ji. Ga kuma ilektiroletik da kamfani ke yarda ta kauce wa lambar da ke jikinta da kashi 20 cikin 100, tsohuwa kuwa ta bushe ta kauce fiye da haka. Wanda ya sauya su ya ji amfilifayar ta yi tauri bai yi ƙarya ba. Wutar ce ta daina sanyi idan an daki igiya da ƙarfi. Bayan makonni sai hannu ya koyi sabon halin, kunne ya saba, a ce kafasita ce ta yi laushi.

Lasifika kuma daban. Sabuwa tana sassautawa kamar sabon takalmi, domin takarda ce da yadi masu motsi, kuma ana iya auna hakan. Idan ka sauya ta tare da kafasita, kada ka ba kafasita ladan aikinta.

Ga mai son gwadawa: manyan kafasitan nan suna riƙe ɗaruruwan volt ko bayan an zare filogi. A sauke cajin ta rizista (na'urar da ke rage gudun wuta), a tabbatar da mita, sannan a sa hannu.