Wata huɗu da ni da kwabban Rumawa, ga inda aka kwana

Salam 'yan uwa masu tara tsoffin kuɗi. Kwabbai goman nan na tagulla da na sayo da ƙasarsu a jiki, yau dai na iya karanta guda huɗu, biyar suna jiƙe cikin ruwa har yanzu don ƙasar ta fita, ɗaya kuma ni na kashe shi da hannuna. Gajen haƙuri ne ya ja ni, na jiƙa shi a ruwan lemun tsami wai ya yi ƙyalli, kafin gari ya waye koren fatar nan da ya yi shekara sama da 1600 yana tarawa ta tafi, fuskar sarkin duk ta zama ramuka. Dan Allah kar wanda ya gwada. Tataccen ruwa kawai, irin wanda ake ƙara wa batir (ba asid ba fa), kana canzawa duk bayan kwana biyu uku, sai tsohon buroshin goge baki da tsinken sakace, shikenan.

To abin da ya fi burge ni, biyu daga ciki iri ɗaya ne, a baya an rubuta GLORIA EXERCITVS, wato ɗaukakar rundunar soja, ga sojoji biyu a tsaye kowanne da mashi a hannu. Amma na farko tutoci biyu ne a tsakaninsu, na biyun tuta ɗaya, kuma ya fi ƙanƙanta. Da farko na ɗauka jabu aka haɗo min da shi wallahi, har raina ya ɓaci, ashe mai tuta biyun an fara buga shi ne a shekarar 330 miladiyya zamanin sarkin Rumawa Kwanstantin babba, shekarar da ya buɗe sabon birninsa wanda yau ake kira Istanbul, sai wajen 336 aka rage nauyin kuɗin daga kusan giram 2.5 zuwa ƙasa da giram 2, fili ya yi kaɗan, aka cire tuta ɗaya. Ku tuna fa lokacin da wani sarkin Rumawa Diyokiletiyan ya gyara kuɗi a 294 kwabon tagullar nan kusan giram 10 yake. Cikin shekara arba'in da 'yan kai ya koma kamar maɓallin riga. Na ajiye su a tafin hannu sai kwabonmu ya faɗo min a rai, wanda yanzu ko alawa ba zai saya maka ba.

Sunan sarki shi ne ya fi ba ni wahala saboda gidan nan kowa Kwanstan-wani-abu ne, uban da 'ya'yansa uku da suka gaje shi bayan ya rasu a 337. Dabarar da na kama, in ka ga IVN bayan CONSTANTINVS to ɗan ne ba uban ba, NOB C kuma yana nuna yarima ne tukuna bai hau gado ba. Nawa mai tuta biyu haka yake.

Sai haruffan can ƙasan ƙafar sojojin, waɗanda da nake ɗauka ado ne. Ashe sunan garin da aka buga kuɗin ne. Ɗaya daga cikin biyun nan SMANA ne a jiki, wato Antakiya da ke Turkiyya yanzu, A ɗin ƙarshe kuma sashe na farko na maƙerar. Ɗayan SIS nake gani a jiki, Sisak kenan ta ƙasar Kuroshiya. Har yanzu ina neman mai ALE, na Iskandariyya ta Masar, don in ce ina da wanda aka buga a Afirka.

Wani daga cikin na ruwan ya fara fitar da wani koren gari mai laushi kamar hoda, wannan ciwon tagulla ne kuma yana cin ƙarfen, na ware shi daban na busar da shi sosai. Wanda ya taɓa maganin irinsa ya faɗa min yadda ya yi kafin ya cinye min wuyan sarkin.