Rana ta 19, da bashin kwana biyu a wuyana

Alhamis, 19 ga Oktoba. Makka.

Yau ban ji kiran sallar farko ba, sai da Umma ta buga min ƙofa har sau biyu. Ƙarfe uku saura na kwanta, kuma abin takaicin shi ne ban zana komai ba. Zama kawai na yi gaban farar takarda, in kunna waya in kashe, in buɗe alƙalami in rufe. Da na dawo daga masallaci na ɗauki kofin shayi, sai tsintsiyar hannuna ta sara, tun daga gindin babban yatsa har gwiwar hannu. Na mayar da kofin hagu, Umma ta galla min harara, na mayar da shi dama ina cije leɓe.

Ga wanda bai san wahalar da na jawo wa kaina ba, sunanta Inktober. Wani mai zane Ba'amurke, Jake Parker, ya fara ta a 2009 don ya horar da hannunsa a kan zanen tawada: kwana 31 na watan Oktoba, kullum zane ɗaya, a ɗora a intanet kowa ya gani. Daga baya duniya ta ɗauka, har ake fitar da jerin kalmomi duk shekara, kowace rana da tata. Ni ban bi jerin nasu ba, don sau da yawa kalmar takan kai mutum ga zanen mai rai, kuma a gidanmu wannan doguwar magana ce da ba na son tayarwa. Sai na rubuta nawa jerin: abubuwa 31 daga rayuwar Hausawan Makka. Buta, tabarma, gorar Zamzam, turmin Umma da ya girme ni, irin waɗannan.

Kwanakin farko kamar wasa. Rabin awa bayan isha'i, na gama, na kwanta da murmushi. Matsalar ta shigo ne ta ƙofar alheri. Rana ta 4 na zana tiren mai tsire na Shara Mansur, wani titi a nan Makka, da tulin ƙuli da yankakkiyar albasa a gefe, na rubuta a ƙasa cewa abin da Larabawan Hijaz ke kira siriya tsiren kakanninmu ne ya canza lafazi. Mutum sama da 300 suka danna alamar so a Instagram. Ni da ban taɓa wuce 30 ba! Wasu daga Kano, wasu daga Yamai, har da wani tsoho da ya ce na tuna masa Makkar da ya bari. Tun daga ranar, duk zanen da zan yi sai na auna shi da tiren nan. Rabin awa ta koma awa biyu, ta koma uku. Rana ta 12 na ce bari in nuna bajinta, na ɗauko hoton roshan, tagogin katakon nan masu sassaƙa na tsohuwar unguwar Balad a Jidda, na ce sai na fitar da kowane ɗan rami. Har aka yi kiran asuba ina kai. Bakin alƙalamina Micron mai lamba 01 ya lotse saboda dannawa, yatsuna suka sage. Mutum 41 ne suka so shi. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, kamar mai neman sisin da ya faɗa rairayi.

Ranar 17 da ta 18 kuwa shafinsu fari fat.

Da wannan nauyin na tafi shago. Muna can ɓangaren Misfala, kusa da titin Ibrahim Khalil, inda masu Umara ke gangarowa bayan sun fito daga Harami. Dabino, darduma, carbi, turare. Ni ne mai Hausa a shagon, don haka duk alhajin da ya shigo da hula zanna ko hajiya mai atamfa, wurina ake turo su. Oktoba ce, amma ranar Makka ba ta san da wannan labarin ba. Kafin azahar kwalta har turiri take. Wata Hajiya daga Gusau ta sayi dabinon ajwa kilo biyu da na sukkari kilo uku, muka yi ciniki, muka daidaita, ta ba ni riyal 500. Na tsaya da kuɗin a hannu, lissafin da nake yi kullum ido rufe ya ɓace min ɗif. Na ba ta canji, ta duba, ta ce, "Ɗan nan, ka ƙara min hamsin. Ko sadaka kake yi da dukiyar mutane?" Allah ya saka mata da alheri. Mai shago yana jin mu, bai ce uffan ba, sai da ta fita ya ce in je in wanke fuska. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A bayan shago na zauna a kan kwali, kuma maimakon in runtsa na minti goma sai na ciro waya. Abokina da muka fara wannan abu tare, Bahaushen Sudan ne da ke aiki a Madina, tuni ya ɗora na yau. Zanen jabana, 'yar tukunyar gahawarsu, tsaf da ita. Bai tsallake ko rana ɗaya ba. Na rubuta masa "Ma sha Allah", kuma Allah ya sani ba daga zuciya ta fito ba. Wannan ne ya fi tsorata ni a yau, ya fi ciwon hannun. Mutumin da muke raba burodin tamis da waken ful idan ya zo Umara, yau ina jin ƙyashin tukunyarsa.

Irin gajiyar nan ba ta barci ba ce. Na san gajiyar lokacin Hajji, wadda mutum ke tsayuwa awa goma sha huɗu, ya faɗi kamar buhu, ya tashi garau. Wannan daban take. Littafin zanen da nake ɗoki in koma gida in buɗe, yanzu idan na hango shi a kan tebur sai gabana ya faɗi, kamar na hango mai bin bashi a bakin layi. Komai na gani a hanya ba na ganinsa, lissafi nake: wannan zai yi kyau a hoto? awa nawa zai ci?

Bayan la'asar na biya kantin magani. Mai kantin ya murza min hannun, ya tambayi aikin da nake yi, na faɗa masa. Ya ce jijiyoyin babban yatsa ne suka gaji da riƙo ɗaya na tsawon lokaci, ya ba ni man shafawa, ya ce in sassauta riƙon alƙalami, in riƙa ajiyewa ina miƙe yatsu, in kuma ya wuce mako bai lafa ba in ga likita. Sannan ya ce maganin gaske hutu ne. Na ce to. A raina na ce hutu a ranar 19, da bashin biyu a kaina?

Daren Juma'a gidan Kaka muke zuwa, ba fashi. Na so in noƙe, Umma ta ce in ɗauki kwanon tuwon in wuce gaba.

Kaka ya haura tamanin. Yana yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Haɗeja da niyyar Hajji, ta Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, suka ratsa Sudan suna tsayawa suna noma suna tara guzuri, shekaru suka yi kafin su ga teku. Har yau idan ya ce "hanya", wannan yake nufi. Na same shi a inda yake kullum, kan buzu, da alluna uku na jikoki a jingine da bango, yana rubuta musu na gobe. Na durƙusa na gaishe shi.

"Abokina, yau kuma wa ya mutu? Ko amaryar ce ta ce ba ta yi?"

"Kaka, ai kai ka ƙwace min ita."

Ya yi dariya, ya ga yadda nake riƙe da hannu, ya ce in matso. Ban yi niyyar faɗa masa ba, don ta ina zan fara yi wa mai shekara tamanin bayanin Instagram? Amma na faɗa. Na ce akwai wani abu da ake yi, zane ɗaya kullum har wata ya ƙare, na tsallake kwana biyu, yanzu uku ake bi na.

"Wa ke bin ka?"

Na ce ba wani mutum ba ne.

"An ba ka kuɗi ne ka ci?"

"A'a."

"Ka yi bakance?"

"A'a, Kaka."

"To ramuwa ai ta sallah ce da azumi. Wannan wace farilla ce da ba a karantar da mu ba?"

Yaran da ke gefe suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Ya ci gaba da rubutunsa kamar bai ce komai ba. Na zauna ina kallon hannun. Alƙalamin kara ne, ya feƙe bakinsa da reza ya tsaga shi kaɗan. Ya tsoma a kurtu, ya rubuta kalma biyu ko uku, tawada ta ƙare, ya sake tsomawa. Kowace tsomawa hannun yana hutawa ba tare da an ce masa ya huta ba. Ni kuwa nawa alƙalamin ba ya ƙarewa, ba ya tsayawa, sai dai ni in ƙare.

Tawadar da kansa yake haɗawa. Baƙin gindin tukunya ko gawayi da aka niƙa lukui, a jiƙa ƙaro ya narke, a gauraya, a tace. Ƙaron ne ke kama baƙin ya zaunar da shi a kan allo, kuma shi ne ke sa ruwa ya wanke shi idan yaro ya haddace. Ya ce ƙaro mai kyau na Kordofan ne, wanda 'yan Sudan ke kira hashab. Yana yaro ya ga yadda ake tsaga bawon itacen a bar shi makonni kafin a dawo a tsinci abin da ya tsattsafo ya daskare. Duk wanda ya zo daga can, tsarabar da yake roƙo ke nan.

Na tambaye shi Alƙur'anin da ya rubuta da hannu, wanda ke cikin gafaka a saman kabad, kwana nawa ya ɗauka. Ya ce shekara biyu da wani abu. Baƙin ya fara gamawa, sannan ya bi da ja ya sa wasula, sannan rawaya don hamza. Na ce kullum yake yi?

"Ranar da hannu ya yi nauyi ba na taɓawa. In ka matsa, kuskure za ka yi, takarda guda ta tafi. Wata rana shafi biyu, wata rana in tafi kasuwa."

Sai ya miƙo min alƙalamin. Na ce hannuna ciwo yake. Ya ce wannan ba a danna shi, in ka danna baki zai buɗe ya zubar maka. Babu takarda a kusa, sai murfin kwalin dabino da ƙanwata ta yago min. Na rasa me zan zana, ba ya cikin jerina, sai na zana abin da ke gabana: kurtun tawadar kansa, ɗan duma da ya yi baƙi ƙirin saboda shekaru, da igiyar fata a wuyansa. Layin farko ya fito da kauri kamar an ja shi da yatsa. Na biyu ya tsinke a tsakiya. A gindin kurtun tawada ta ɗiga ta yi tabo, na kai hannu zan goge, Kaka ya ce, "Bar shi, inuwa ce." Minti goma sha biyar na gama. Ya karkace, wuyan ya fi na gaske tsawo. Ƙaramin cikin jikokin ya leƙo ya ce albasa ce.

Ban san yaushe rabon da in yi zane ban riƙe numfashi ba.

A mota muna dawowa, hasumiyar agogo tana haska koren haskenta a kan duwatsu, na tuna wani abu da na sani tun ranar farko na yi kamar ban gani ba. Shi kansa mai Inktober ɗin ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa wanda ba zai iya kullum ba ya yi bayan kwana bibbiyu, ko ma sau ɗaya a mako. Na karanta a lokacin na taɓe baki, na ce wannan na ragwaye ne. Girman kai ne kawai, ba wani abu ba. Mai aikin awa tara a shago, da sallar asuba a jam'i, ya ce zai yi gasa da waɗanda zane ne sana'arsu.

Da muka iso na buɗe littafin, na rubuta 17 a saman shafi ɗaya, 18 a saman na biye, na bar su haka. Ba zan rama ba. A shafin 19 na manna murfin kwalin da gam, har yanzu yana ƙanshin sukkari. Na ɗauki hotonsa, amma ban ɗora ba. Abokina na Madina kaɗai na tura wa, na haɗa da gaskiyar cewa na ji ƙyashin jabanarsa da rana. Ya turo dariya, ya ce tun ranar 14 yake zane da bandeji a hannu, kuma jabanar tun watan jiya ya zana ta ya ajiye. Ɗan banza.

Kaka ya ba ni alƙalamin, da tawada kaɗan a kwalbar turaren da ta ƙare. Na shafa man, na kai wayar ɗakin Umma na sa a caji a can, ta bi ni da kallo ba ta ce komai ba. Yanzu sha ɗaya da kwata. Gobe Juma'a sai bayan sallah zan fita shago. Jerina ya ce faifai ne na gobe, kuma faifai saƙa ce mai ramuka dubu, irin ta roshan. In hannun ya lafa zan zana da'irarsa da layi huɗu ko biyar. In bai lafa ba, Umma ta ce akwai labulen falo da ke jiran a sauke.