Daren Shiga Kotu

Laraba, bayan Isha'i, Garwa.

An ɗauke wuta tun Magariba. Na jawo katifa tsakar gida saboda zafin watan Maris, ina rubutun nan a waya, caji saura kashi 31. Gobe da ƙarfe takwas zan tsaya gaban alƙali, karo na farko tun da uwata ta haife ni. Shekarata 34, na yi 11 a ciki ina tuƙi. Daga Ngaundere zuwa Kusiri babu ramin da ban sani ba a kan titin nan, kuma ko akuya ban taɓa bugewa ba. Amma takardar da ke ƙarƙashin matashina ta ce an kama ni ina tuƙi a buge.

Bari in faɗi yadda aka yi a taƙaice, don na gaji da maimaita shi a raina. Kwana goma ke nan, ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa. Na kai wa maigidana kaya, aka yi ciniki mai kyau, wani abokin sana'a ya ja ni wata rumfa a bayan tasha. Manyan kwalabe biyu, sannan wiskin leda guda ɗaya don, wai, ya wanke maƙogwaro. Na ce a raina tafiyar ba ta kai rabin awa ba, motar ma ta san hanya. A shingen jandarmomi na taka birki a makare, na ture gangar da suka tare hanya da ita, ta yi ta gangarawa tana ƙara har cikin kwata. Ba wanda ya ji ciwo. Jandarman ya leƙo ta taga, bai ce komai ba, ya dai ja hanci sau biyu. Aka ba ni wata 'yar leda mai bututu na hura. Ƙwayoyin cikin bututun rawaya ne, ina kallo suka koma kore. Kwana biyu na yi a tsare, awa 48 cif, kafin a kai ni wurin mai gabatar da ƙara, Kawu ya zo ya sa hannu ya tsaya mini.

Yau da Asuba na je masallaci na tsaya a sahu na ƙarshe. Tun da abin ya faru, duk wanda ya miƙo mini hannu sai in duba idonsa, ko ya ji. Liman ya ce da ni, "Kwana biyu ba mu ga motar ba." Na ce tana wurin gyara. Ƙarya a ƙofar masallaci, da alwala a jikina. Motar tana hannun hukuma, kullum kuɗin ajiya yana hawa, lasisina ma yana can.

Da hantsi na hau babur ɗin haya zuwa karɓar takardar shaidar rashin laifi, wadda ake kira kaziye. Yaron da ya ɗauke ni bai wuce shekara 17 ba, yana kutsawa tsakanin motoci kamar wanda ake bi da wuƙa. Har na buɗe baki zan ce masa ya bi a hankali, sai na tuna ko ni wane ne, na ja bakina na yi shiru na riƙe ƙarfen baya.

Tun ranar Litinin na biya kuɗin tambur, yau sai karɓa. Takarda ɗaya ce, sunana da na mahaifina da na mahaifiyata, da inda aka haife ni, sannan wani babban fili a tsakiya da aka ja wa layi aka rubuta kalma ɗaya da Faransanci: NEANT. Wato babu komai. Na tsaya a gindin wani dalbejiya ina kallon kalmar. Hukumar Kamaru da hatiminta ta shaida cewa ni mutum ne mai tsabta. Raina ya yi fari na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba.

Daga nan ofishin lauya. Mace ce, 'yar kudu, amma ta daɗe a nan har tana jin Fulatanci, don haka muka riƙa haɗa Faransancina na tasha da Fulatancinta na kasuwa. Metir ake ce mata, ni ma na bi. Ta karɓi takardun ɗaya bayan ɗaya tana jerawa: katin ɗan ƙasa, kwafin takardar mota, inshora, takardar duba lafiyar mota, takardun haihuwar yarana biyu, da wasiƙar da maigida ya sa aka rubuta cewa shekara shida ina masa aiki bai taɓa samuna da cin amana ba. Da ta zo kan kaziye sai ta ɗaga ta sama ta ce wannan ta fi duk sauran nauyi.

Sai ta buɗe kundin dokar laifuka, na shekarar 2016, ta juyo mini shi kamar zan iya karantawa. Sashe na 228. Wanda ya tuƙa abin hawa a buge, ɗaurin wata uku zuwa shekara uku, ko tarar sefa 5,000 zuwa 500,000, ko duka biyun. Kotu kuma tana iya hana shi lasisi har shekara biyu. Ta ce iyakar da doka ta sa ita ce giram 0.8 na barasa a kowace lita ta jini, ni kuwa na haura. Ta ce in gode wa Allah ganga na ture ba mutum ba, don da na ji wa wani ciwo, akwai sashe na 290 da ke ninka hukunci sau biyu idan direban a buge yake.

Shekara uku ba ta tsaya mini a rai kamar shekara biyun nan ba. Kurkuku abu ne da ban iya ma hango kaina a ciki. Amma rashin lasisi na san kamanninsa: kuɗin haya, kuɗin makarantar babbar, buhun masara, maganin hawan jinin Inna. Ban iya wata sana'a ba. Mahaifina mahauci ne, ya so in gaje shi, na gudu na bi mota tun ina yaron mota mai ɗaure kaya.

Ta ce abin da za ta roƙa shi ne ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, sursi a bakinsu. Alƙali ya yanke hukuncin amma ya jingine shi, shekara uku zuwa biyar, idan ban sake faɗawa wani laifi ba shi ke nan. Wanda ba a taɓa ɗaurewa ba ne ke samun wannan. Ba ta yi mini alkawari ba, ta maimaita haka sau biyu. Sannan ta koya mini yadda abin zai gudana. Za a kira sunana, in fito, a karanta tuhuma, a tambaye ni na amsa laifi ko ban amsa ba. Shawararta in amsa. Takardar jandarmomi tana nan da sa hannuna, gardama ba za ta ƙara mini komai ba sai fushin alƙali, amsawa kuwa tana cikin abin da ake dubawa wajen sassauci. Kalma ɗaya ce: kupabul, wato mai laifi. Ta sa na faɗa sau uku har harshena ya saba.

Ta ce kada in kuskura in ce kwalba biyu ce kawai, ko hanyar ba nisa, ko kowa ma yana yi. Duk wanda ya tsaya a wurin haka yake cewa, alƙalai sun ƙoshi da jin sa. In sa kaya masu tsabta, in kashe waya, kada in sa hannu a aljihu. Idan Faransancin ya fi ƙarfina in nemi tafinta, haƙƙina ne, kada in ce "wi" ga abin da ban gane ba. Na ce in dai za a samu mai Hausa na fi so, don Fulatancina na ciniki ne, ba na neman afuwa ba. Ta yi dariya ta ce za ta faɗa tun da wuri.

Ina fitowa na yi kiciɓis da abokin nan na Pitowa, kamar jirana yake. Wai ya san wani da ya san wani, in kawo jaka 150 a ɓatar da takardar. Na tambaye shi ranar da nake tsare ina yake. Ya ce wayarsa ce ta lalace. Ban tsaya ba. Ko da gaske ne ma, sunan Kawu yana jikin takardar nan, ba zan ƙara masa wata ba.

Wurin Kawu ne ranar ta yi mini nauyi. Shagonsa na yadi yana babbar kasuwa, na same shi bayan Azahar yana auna wa wata mata atamfa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Tun ranar da ya karɓo ni bai yi mini faɗa ba, ko kalma ɗaya, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da matar ta tafi ya aiki yaron shago sayen ruwan sanyi, can nesa, alhali ga mai sayarwa a ƙofa. Na miƙa masa takardun, na yi masa bayanin lauya, har da ɗan karsashi na nuna masa NEANT ɗin na fassara masa.

Ya riƙe takardar ya daɗe. Sannan ya ce, "Ɗan nan, wannan ta ce ba a taɓa kama ka ba. Ni ba ita na tambaya ba. Sau nawa?"

Na ce, "Kawu, wannan ne na farko da…"

Ya ce, "Na san na farko ne a wurinsu."

Na sunkuyar da kai ina kallon almakashin da ke kan tabarma. Na jira ya kawo karin maganar ɓarawo da mai kaya, bai kawo ba. Sai na ji bakina yana faɗa. Shekara uku. Na fara ne a hanyar Ngaundere, a wuraren da direbobi ke kwana, inda ba wanda ya san ɗan wane ne ni. Daga baya nan cikin gari, a Yelwa, ta ƙofar baya, hula a aljihu. Kanumfari da goro kafin in shiga gida. Sau nawa na riƙe sitiyari bayan na sha, ban ƙirga ba, amma ya fi yatsun hannu da na ƙafa. Akwai daren da na sauko gangaren Mbe da kaya cike da mota, da safe na kasa tuna yadda na wuce kwanonin. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko kaina ban cika bari ya tuna ba.

Kawu ya ninke takardar yadda take, ya miƙo mini. Ya ce, "Ranar bikin 'yar Yayarka, kai ka kai yaran gidan nan Marwa." Na ce ranar ban sha ba, kuma gaskiya ce. Ya ce to. Amma na ga yadda ya ce to ɗin, yanzu duk tafiyar da na taɓa yi da wani nasa sai ya sake auna ta. Ya ce gobe zai rufe shago ya raka ni, kuma abin da lauya ta ce in faɗa in faɗa, abin da ba a tambaye ni ba kada in tsoma baki. "Sauran tsakaninka da Ubangijinka ne, da mu." Da zan tafi ya yanko yadi huɗu na farar shadda ya ce ba don gobe ba, babu telan da zai gama, in ajiye.

Na biya wurin maigida bayan La'asar. Magana biyu: ya sa wani yaro a ɗaya motar, kuma kuɗin ajiyar tawa za a cire a albashina. Ban ga laifinsa ba.

Matata ta sani tun daren farko, ita ta kai mini abinci inda nake tsare. Yau da na dawo ta tambaye ni abin da lauya ta ce, na faɗa mata har da shekara ukun. Ta ce, "Maigida, kanumfarin nan dama na san ba don ciwon haƙori ba ne." Ta ci gaba da tankaɗen garinta. Ashe duk dabarar da nake ganin na iya, a gidan nan ni kaɗai nake ruɗin kaina.

Inna kuwa, ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba ko a ranar daɗi. Mun yi da Kawu ba za a gaya mata ba saboda hawan jininta. Ɗazu bayan Magariba ƙaramin ƙanena ya shigo da leda. A ciki akwai kaftanina ruwan toka da na bari a ɗakinta tun Sallah, an wanke an goge da dutsen guga na gawayi, har da ɗan tokar da ya taɓa bakin hannu. Ƙarƙashinsa kwalbar rubutu da jaka biyar a ƙulle a bakin tsumma. Na ce, "Me ta ce?" Ya ce, "Cewa ta yi a kai wa wancan, wai gobe yana da fita da wuri."

Na rataye kaftanin a ƙusar bayan ƙofa. Takardun suna cikin leda, kaziye a sama. Na sha rubutun rabi, na bar rabi na safe. Caji ya koma kashi 9, kuma sai na bar na ƙararrawar Asuba. Kawu ya ce ƙarfe bakwai saura kwata in same shi a bakin titi, shi zai tsayar da masu babur.