Filin Coliseum na Oakland da jirgin BART

Duk lokacin da aka ambaci filin wasa na Coliseum da ke Oakland, a jihar Kalifoniya ta Amurka, abin da ke fara zo mini a rai shi ne jirgin ƙasa na BART, mai ɗaukar fasinjoji a Oakland da kewayenta, wanda ya fara jigila a 1972, da doguwar gadar da ta haɗa tashar da filin. Idan an tashi daga wasa, gadar kan cika maƙil, ana tafiya a hankali, masu sayar da riguna da huluna sun jeru suna kiran ciniki.

An buɗe filin a 1966, ƙungiyar Raiders ta ƙwallon ƙafar Amurka ta fara wasa a cikinsa, sannan Athletics ta besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, ta iso a 1968. A watan Satumba, lokacin da kakar wasannin biyu ke haɗuwa, na ga 'yan Raiders suna gudu a kan jar ƙasar da aka tanada domin besbol, fararen layuka sun ratsa ta, wanda ya faɗi ya tashi da ƙura a jikinsa. 'Yan wasa sun sha kokawa da hakan, amma a ganina ya ba filin armashin da sababbin filaye ba su da shi.

Dattawan garin kuwa sukan ba da labarin jiragen ƙasa na kamfanin Key System da suka gabaci BART, waɗanda suka riƙa tsallaka gadar Bay, tsakanin Oakland da San Francisco, har 1958. Raiders ta koma Las Vegas a 2020, Athletics kuma ta buga wasanta na ƙarshe a filin a Satumban 2024, kuma har yanzu ina jin zafin tafiyarsu.